Yadda Ake Zaɓar wa Yarinya 'Yar Shekara 9 zuwa 12 Kyautar Sallah Mai Sauƙin Kuɗi

A cikin yaran gida babu wanda zaɓar masa kyautar sallah ke ba manya wahala kamar yarinyar da take tsakanin shekara 9 zuwa 12. Ƙaramin yaro alewa da balan-balan sun ishe shi murna, budurwa kuwa ta san abin da take so, kuma za ta iya faɗa da bakinta. Ita wannan ta tsakiya ta girmi wasa da 'yar tsana, amma ba ta isa kayan 'yan mata ba, ga kunya ta fara shigar ta, shi ya sa idan gwaggonta ko kawunta ya tambaye ta abin da take so sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ko mene ne ma.” Wanda ya tsaya a kan wannan amsa yakan sayo abin da za a yi masa godiya a kansa, daga nan a jefa shi ƙasan akwati. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 farashin kusan komai ya tashi, don haka bai kamata ɗan abin da mutum ya ware ya tafi a banza ba.

Aikin farko a gida ake yin sa, tun ba a doshi kasuwa ba, wato a tuntuɓi mahaifiyar yarinyar ko wadda take riƙon ta. Abin da za a tambaya shi ne me aka riga aka tanada na sallah, me kuma ya rage. Kayan sallar yarinya sanannu ne: atamfa ko leshi ko shadda, mayafi ko hijabi, takalmi, jaka, ɗan kunne da sarƙa, sai kitso da lalle. A yawancin gidaje ƙarfin iyaye yakan ƙare ne a kan tufafi da kuɗin ɗinki, sai a bar ƙananan abubuwan sai ranar jajibere, wani lokaci ma a haƙura da su. Wanda ya cike ɗaya daga cikin waɗannan gurabe ya faranta ran yarinyar, ya kuma sauke wa iyayenta nauyi, alhali abin da ya kashe ba mai yawa ba ne. Idan mayafi ko takalmi ko jaka za a saya, a nemi ɗan ƙyallen kayan da aka kai ɗinki a tafi da shi kasuwa, domin hoton waya yana sauya launi, kuma yarinya a wannan shekaru tana lura ƙwarai da ko kayanta sun dace da juna. A wannan tattaunawa ce kuma za a san dokar gidan. Akwai mahaifin da bai yarda 'yarsa ta sa wando ba, akwai wanda bai yarda da gyale ba sai hijabi, kuma kyautar da ta saɓa wa tsarin gida rigima take jawowa, yarinyar ce kuma za ta kwana da baƙin ciki.

Bayan uwa, sai a lura da ita kanta yarinyar. Abin da ba za ta faɗa ba idan an tambaye ta kai tsaye, za a gan shi a ayyukanta. Wata kullum tana zane a bayan littafin makaranta, wata tana zaune kusa da mai ɗinki tana tsintar ƙyallaye, wata ita ke yi wa ƙannenta kitso, wata kuma duk takardar da ta samu sai ta karanta. Idan mai kyautar yana nesa, yayarta ko 'yar'uwarta sa'arta ta fi kowa sanin abin da take sha'awa, kuma tambaya ɗaya ta waya ta wadatar.

Sai batun kuɗi. A yanke adadin da za a kashe tun daga gida, a cire kuɗin mota a ciki, a kuma tsaya a kansa ko da mai shago ya fito da abin da ya fi kyau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma babu yarinyar da za ta amfana da kyautar da ta sa kawunta ya shiga wata na gaba yana ɓuya wa masu bin sa. A ganina, kome ƙanƙantar kuɗin, gara a zuba su a kan abu guda mai ƙwari da a watsa su a kan tarkace biyar waɗanda ba za su kai ƙarshen yawon sallah ba. Idan abin da ya dace da ita ya fi ƙarfin mutum ɗaya, babu laifi 'yan'uwa biyu ko uku su yi karo-karo, a gaya mata cewa daga gwaggo wance da kawu wane ne.

Lokacin saye yana taɓa farashi sosai. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano cikin goman ƙarshe na azumi ya san irin cunkoson da ake yi, ya kuma san cewa mai kaya ba ya sauraron tayi da daɗi alhali masu saye goma na tsaye a kansa. Haka abin yake a kasuwannin Kaduna, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Mafi kyau a yi sayayya tun cikin Sha'aban, ko a goman farko na Ramadan, lokacin da kaya suke jibge, ana iya dubawa a tsanake, a taya a shago biyu ko uku kafin a biya. A kuma tuna cewa tsakanin Ƙaramar Sallah, ranar 1 ga Shawwal, da Babbar Sallah, ranar 10 ga Zulhajji, kimanin kwana 70 ne kawai, saboda haka takalmi ko jaka mai launin da ke shiga da kowane kaya, kamar baƙi, ruwan ƙasa ko ruwan zinari, zai yi mata sallolin biyu.

Ga wanda ya zaɓi tufafi, akwai lissafin da ya kamata ya sani. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato falle 3, kuma yarinya mai wannan shekaru yadi 3 zuwa 4 kan ishe ta doguwar riga ko riga da siket, gwargwadon tsayinta da irin ɗinkin. Ke nan ba dole ba ne a saya mata turmi guda. Ana iya raba turmi tsakanin yara biyu, ko a nemi masu sayar da yanke. Wajen duba atamfa, a murza gefenta tsakanin yatsu a ji ko auduga ce ko roba ta yi mata yawa, domin mai roba tana riƙe zafi, yarinyar da za ta wuni tana yawo cikin rana kuwa za ta sha wahala. A ɗan jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen yadin. Idan launi ya fito sosai a jikinsa, to wanki biyu zai kashe ta. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya, sai dai tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai matsakaiciya mai kyau, ita ce kuma ya kamata a nema. Abu na biyu, wanda masu kyauta da yawa kan manta, shi ne kuɗin ɗinki. Yadin da aka kai gida ana saura mako guda sallah ba tare da kuɗin tela ba ɗawainiya ce aka ƙara wa iyaye, ga shi a lokacin teloli da yawa sun daina karɓar aiki. Ko dai a haɗa da kuɗin ɗinkin a kai da wuri, ko a sayi ɗinkakke, ko a koma kan wani abu daban. Idan an kai ɗinki, a roƙi tela ya bar sarari a kalmasar ƙasa da ta gefe, saboda a waɗannan shekaru ne yawancin 'yan mata suke yin tsawo da sauri, rigar da ta zauna daidai yau tana iya ɗagewa kafin shekara ta zagayo.

Kayan gwanjo ba abin kunya ba ne, ana ma samun jaka da rigar sanyi masu ƙwarin da ya fi na sababbi, amma ni ban ga dacewar ba yarinya gwanjo a matsayin abin da za ta sa ranar idi ba, ranar da sa'o'inta duk suke cikin sabo. A bar shi ya zama ƙari, bayan an wanke an goge.

Takalmi yana da nasa sharaɗi. Ƙafa tana riga sauran jiki girma idan yarinya ta doshi balaga, don haka lambar bara ba abin dogaro ba ce, kuma lambobin kamfanoni ba sa zama daidai da juna. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ta taka farar takarda tana tsaye, a zagaye ƙafar da biro, a yanke, a tafi da shi kasuwa a zura cikin takalmin, a bar sarari kamar faɗin yatsa guda a gaba. A guji mai tsini da mai dogon dunduniya duk yadda ta so shi, domin yawon sallah tafiyar ƙasa ce, daga gidan kaka zuwa gidan gwaggo, wani lokaci har da zuwa kallon hawa, kuma takalmin da ya ci mata ƙafa tun ranar farko a hannu za ta riƙe shi. A duba ko ɗinke ƙasan aka yi ko gam kawai aka shafa. Takalman fata da jakunkuna na dukawa, irin waɗanda ake samu a kasuwar Kurmi ta Kano, sukan daɗe, kuma idan sun tsinke mai gyaran takalmi na bakin titi zai ɗinke su da kuɗi kaɗan. Kafin a biya, a yi magana da mai shago a fili cewa za a dawo a canza idan bai yi ba.

Kayan ado su ne mafi arahar abin da ke sa yarinya murna, amma a nan ne kuma ake bukatar taka-tsantsan. Yawancin 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha suna ɗauke da wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne da wuya. A tambayi uwa ko yarinyar tana da wannan matsala, idan tana da ita a koma kan awarwaron roba, ko na duwatsu, ko ribbon da mataji masu kyau. Kwalli na dutse, wanda ake daka shi a sayar ba tare da wata shaida ba, sau da yawa yana ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka bai kamata ya shiga cikin kyauta ba. Haka kuma baƙin lalle da ake haɗawa da dayis: sinadarin rina gashi ne a cikinsa, yana iya ƙona fatar wasu har ya bar tabo mai siffar zanen. Jan lalle na ganye shi ne mafi aminci. Man shafawa kuwa, a tsaya kan man kaɗanya ko basilin ko wani mai sauƙi da ke da lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikinsa. Duk man da aka rubuta cewa yana ƙara haske ko yana sauya launin fata, kada a kusantar da shi ga yarinya. Bayan illar da yake yi wa fata, saƙon da yake isarwa ya fi muni, wato cewa launin da Allah ya halicce ta da shi yana bukatar gyara. Hoda mai nauyi, jan baki da gashin ido na kanti su ma lokacinsu bai yi ba, kuma ba aikin mai kyauta ba ne ya gaggauta mata girma.

Akwai wata kyauta a wannan fanni da ba a cika tunawa da ita ba, wato biyan kuɗin kitso da lalle. Ba a ɗauke ta a leda, amma yarinyar da gwaggonta ta riƙe hannunta ta kai ta gidan mai kitso, ta bar ta ta zaɓi shuku ko kalaba da kanta, ta kuma zauna har aka gama, ba za ta manta ba. A dai gaya wa mai kitso ta sassauta hannu a gaban goshi, domin kitso mai tsauri yana cinye gashin gaba.

Duk abin da aka lissafa zuwa nan na kwalliyar sallah ne, wanda amfaninsa ke raguwa bayan kwana uku. Idan iyaye sun riga sun kammala wannan ɓangare, to ni na fi son a karkata ga abin da zai zauna tare da ita bayan an gama shagali, kuma a nan ne lura da halinta yake biya. Mai son karatu a ba ta littafi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, har yanzu ana samun sa a shagunan littattafai, labaransa gajeru ne, Hausarsa kuma za ta gyara mata harshe. Juzu'i ɗaya ya isa kyautar bana, na biyu ya jira Babbar Sallah. A rubuta sunanta da shekarar a shafin farko, domin a gidan da yara suke da yawa, mallakar abin da aka ce nata ne ita kaɗai babban abu ne. Sai dai a duba littafi kafin a saya, saboda yawancin littattafan soyayya da ke jibge a kasuwa ba don masu shekarunta aka rubuta su ba. Wadda ta yi nisa a Islamiyya kuwa, Alƙur'ani izu sittin mai manyan baƙaƙe da jakar sa shi, ko ƙaramar dadduma da hijabin salla nata na kanta, sun dace da shekarun da ake ƙarfafa mata tsayar da salla.

Mai son aikin hannu, kwarashi ɗaya da ƙullin zaren saƙa biyu ko uku masu launi daban-daban ba su da tsada, kuma da su za ta iya saƙa hular jariri, 'yar jaka ko abin ɗaure gashi. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata akwai wadda za ta nuna mata a gida ko a makwabta, in ba haka ba zaren zai ƙare a hannun ƙannenta. Haka duwatsun haɗa sarƙa da zarensu, ko allura da zaren surfani, ko littafin zane da fensira masu launi. Irin waɗannan abubuwa suna koya wa yarinya haƙuri da zama a kan aiki har ya kammala, wasu kuma daga nan suke samun sana'ar da za ta taimake su gaba. Agogon hannu mai sauƙi yana sa ta ji an ɗauke ta a matsayin wadda ta fara girma. Ƙaramar fitila mai caji da hasken rana tana da amfani a duk gidan da wuta ba ta zama, musamman ga wadda ke shirin jarrabawar shiga sakandare. Igiyar tsalle da ludo kuwa suna haɗa ta wasa da 'yan'uwanta, abin da ke rage rigima a kan kyautar.

A ƙauye, ko a gidan gari mai fili, har yanzu ban ga kyautar da ta kai budurwar kaza ba. Iyayenmu sun daɗe suna yin wannan. Kaza tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kuma yarinyar da ta kula da ita, ta ba ta tsaba da ruwa, ta kāre 'yan tsaki daga shaho, tana iya wayar gari da kajin da za a sayar a saya mata 'yar akuya. A sayi mai lafiya, mai kuzari da tsabtar ido, a kuma sanar da mutanen gida a fili cewa ta yarinyar ce, don kada ta faɗa tukunya ranar da aka yi baƙi.

Waya ba ta cikin lissafi. Ta fi ƙarfin kyauta mai sauƙin kuɗi, shafuka irin su Facebook, Instagram da TikTok su kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe shafi, kuma hukuncin ba yarinya waya na iyayenta ne su kaɗai.

Kuɗin barka da sallah al'ada ce mai kyau, kuma ga wanda lokaci ya ƙure masa ita ce mafita. Matsalarta ita ce kuɗin yara sukan narke a kan alewa da askirim, ko a karɓa da sunan ajiya a yi cefane da su. Idan kuɗi za a bayar, a haɗa da asusu na ƙasa ko na katako, a zuba na farko a gabanta, a kuma yi shawara da ita da mahaifiyarta a kan abin da za a saya ranar da aka fasa. Ta haka kyautar ta zama abu biyu, ga kuɗin, ga kuma koyon tanadi. 'Yan'uwa Kiristoci da ke shirin Kirsimeti duk wannan ya shafe su, sai dai tun da bikinsu yana faɗowa a tsakiyar hunturu, rigar sanyi mai kyau, safa da man kaɗanya sun fi dacewa a sa su gaba.

Yadda aka miƙa kyauta yana iya gyara ta ko ya ɓata ta. Gidajenmu ba na ɗa ɗaya ba ne, kuma shiga gida da leda guda a miƙa wa yarinya ɗaya a gaban 'yan'uwanta, musamman inda akwai 'yan uba, yana iya haifar da ɓacin ran da zai daɗe. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci iyaye da su ji tsoron Allah su yi adalci tsakanin 'ya'yansu, kuma dalilin hadisin kyauta ce da uba ya keɓe ɗa guda da ita. Ko da mai kyautar ba uba ba ne, hikimar ta shafe shi. Idan akwai dalilin keɓe ta, kamar ita ce takwara ko 'yar ɗaki, ko ta yi saukar karatu, a faɗi dalilin, a kuma riƙo alewa ko biskit na sauran. Kada a manta da 'yar riƙo ko marainiyar da ke gidan, wadda sau da yawa ita ce sa'ar yarinyar, ita ce kuma ba ta da mai tunawa da ita. Idan kuɗin ba za su isa biyu ba, gara a rage darajar kyautar a saya iri ɗaya guda biyu.

Namijin da ba muharraminta ba, ko malami ne, ko maƙwabci, ko abokin mahaifinta, ya bi ta hannun iyaye, kada ya kira ta gefe ya ba ta. Wannan yana kare mutuncinsa, yana kuma koya wa yarinyar cewa duk kyautar da aka ce ta ɓoye wa iyayenta ba ta alheri ba ce. Wajen bayarwa kada a ambaci farashi, kada a yi mata ba'a a kan girman jikinta ko a ce ta kusa aure, domin irin wannan magana tana sa yarinya ta tsargu, ta ma ji kunyar sa abin da aka ba ta. Abin sawa ya isa hannunta aƙalla kwana uku kafin sallah, don a sami damar gwadawa da canzawa. Wanda yake wani gari kuma zai aiko ta hannun direba a tasha, ya rubuta sunan yarinyar da lambar wayar mahaifinta a jikin ƙunshin, ya aika tun kafin motoci su cika da masu tafiya gida. Idan kuɗi zai tura wa mahaifiyarta ta saya a madadinsa, ya faɗi abin da yake so a saya, ya ƙara kuɗin mota a kai, sannan ranar sallah ya kira ya nemi a ba yarinyar waya, ya tambaye ta da kansa ko takalmin ya yi mata daidai.